Lungun cikin gidanmu ya yi duhu, wane launin fenti zai haskaka shi?

Maman Sadiya, Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin aikin fenti. A gidanmu nan Aboabo akwai wani lungu da ya taso daga ƙofar shiga, ya ratsa tsakanin ɗakuna huɗu, biyu dama biyu hagu, ya ƙare da bango. Tsawonsa ƙafa 23, faɗinsa ƙafa 3 da rabi, daga ƙasa zuwa silin ƙafa 9. Babu taga ko ɗaya. Hasken rana ta ƙofar shiga kawai yake samuwa idan an bar ta a buɗe, shi ma ba ya wuce bakin ɗakin farko. Ƙwan lantarki ɗaya ne a tsakiya.

Fentin da ke jiki yanzu, daga ƙasa zuwa wajen ƙugu fentin mai ne ruwan ƙasa mai duhu, sama kuma shuɗi ne da ya koɗe. Silin na filawud ne da aka shafa wa banish. Daɓen siminti ne ja. Bangon ƙarshe, wanda makewayi ke bayansa, fentin ƙasansa ya kumbura yana ɓarewa, wani farin abu kamar gishiri yana fitowa.

Da tsakar rana ma sai an kunna wuta kafin a wuce, ga tsohuwa a gidan da idonta ya yi rauni. Wasu sun ce mini in shafa fari fat ko'ina, wasu sun ce fari zai yi dauɗa cikin wata guda saboda yara, wasu kuma sun ce fentin mai mai sheƙi shi ne zai riƙa walƙiya ya ba da haske. Wanne ne daidai? Kuma galan nawa zan saya kada a yi mini ƙari ko ragi? Allah ya saka da alheri.

Masta Fenta, Asawase:

Wa alaikumus salam, Maman Sadiya. Abin da za ki fara riƙewa shi ne, fenti ba ya kawo haske, mayar da shi kawai yake yi. Hasken da ya shigo ta ƙofa yana bugun bangon dama, ya dawo na hagu, ya sake komawa dama, a haka yake rarrafawa har ƙurya. Duk bugu ɗaya bango yana cinye wani kaso. Bangon da ke mayar da kashi 30 cikin ɗari, bayan bugu uku abin da ya saura bai kai kashi 3 ba. Wanda ke mayar da kashi 80, bayan bugu ukun nan akwai sauran rabi. To ruwan ƙasa mai duhu irin wanda ke ƙasan bangonki da ƙyar yake mayar da kashi 10 zuwa 15, ga silin mai banish a sama, ga jan daɓe a ƙasa. Ta ko'ina cinye hasken ake yi, shi ya sa ba ya wuce ɗakin farko. A falo mai faɗi da tagogi launi mai duhu ba ya yin wannan ɓarna, amma a wuri mai faɗin ƙafa 3 da rabi bango shi ne kusan komai.

Wasu kamfanoni suna rubuta wannan adadi a bayan katin launi da haruffan LRV, daga 0 zuwa 100. Idan kin samu, nemi wanda ya kai 75 zuwa sama. Idan ba a rubuta ba, ɗora katin a kan farar takardar rubutu. Wanda ya kamata ki ɗauka shi ne wanda sai kin lura sosai za ki ga ya bambanta da takardar.

Game da fari fat a bango, ni ba na ba da shawararsa a irin wannan wuri. Fari yana kyau ne inda rana ke bugunsa. A inuwa toka-toka yake komawa, wurin ya yi kama da barandar asibiti. Farin da aka ɗiga wa ɗan ruwan madara ya fi shi, domin ko haske ya yi ƙaranci ba ya mutuwa. Amma ɗan kaɗan nake nufi. Bango biyu da ke fuskantar juna a kusa suna zuba wa juna launinsu, don haka duk abin da kika gani a kati, a lungu zai ninka ƙarfi. Ruwan madara mai kauri zai koma ruwan ƙwai, tsanwa mai haske za ta sa fuskar mai wucewa ta yi kamar marar lafiya. Ruwan toka da ake yayi yanzu a sababbin gidaje kuwa, ki bar shi ga masu manyan tagogi. Ruwan bula ma haka, sanyi da duhu zai ƙara.

Inda fari fat ya dace shi ne silin, kuma a nan za ki ga canji mafi girma da kuɗi mafi ƙanƙanta. Sai dai filawud mai banish ba a shafa masa fentin ruwa kai tsaye. A fara goge shi da sanfefa mai lamba 120 har sheƙin ya mutu, a share ƙurar da tsumma mai ɗan danshi, a shafa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, mai toshe tabo, sannan fari marar sheƙi shafi biyu. Idan aka tsallake firaima, cikin 'yan kwanaki za ki ga tabo ruwan shayi yana ɓullowa ta cikin farin, kuma ko shafi biyar aka yi na fentin ruwa zai sake ɓullowa. Idan akwai shatar yoyo a jikin filawud ɗin, a hau a gyara kwano tukuna.

Sai maganar sheƙi. Gaskiya ne fenti mai sheƙi yana walƙiya, amma walƙiya daban haske daban. Abin da yake yi shi ne ya nuna hoton ƙwan lantarki a wuri ɗaya ya kashe ido, sauran wurin yana nan yadda yake. Ga shi hasken lungu a kwance yake zuwa daga ƙofa, yana bin jikin bango, duk wani tudu da kwari na yaɓe sai ya tona shi. Babbar matsalar kuma ita ce farin fentin mai yana komawa rawaya a wurin da rana ba ta shiga. Halin man da ke cikinsa ne, duhu ne ke jawo shi, kuma wanki ba ya fitar da shi. Wanda ya shafa farin fentin mai a lungu irin naki, kafin shekara ta zagayo zai ga ya zama kamar tsohon haƙori.

Abin da zan ce ki yi: launi ɗaya daga ƙasa har sama, amma iri biyu. Daga ƙasa zuwa ƙafa 4, inda hannun yara da gefen bokiti da jakar makaranta ke gogawa, a sa fentin ruwa na akirilik mai ɗan santsi wanda ake wankewa. Daga nan zuwa silin a sa marar sheƙi. Ido ba zai ga layin da ya raba bango gida biyu ba, wurin zai yi kamar ya ƙara tsawo da faɗi, kuma ƙasan zai jure soso da sabulu. Ƙofofin ɗakunan huɗu ma kada a bar su da duhu, domin kowace ƙofa kusan murabba'in mita 2 ce. A yi musu launin bangon ko wanda ya ɗan fi shi kauri kaɗan.

Tsohon fentin man nan na ƙasa shi ne inda aiki ya fi lalacewa. Fentin ruwa ba ya kama jikin mai sheƙi, da farce ma za a iya ɓare shi kamar ɓawon albasa. A wanke bangon da ruwan omo mai ɗumi a fitar da maiƙo, a ɗauraye, a goge da sanfefa, a shafa firaima mai kama santsi, a ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani. Gugar a yi ta da jiƙaƙƙiyar sanfefa, domin tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu, ƙurarta kuma guba ce ga ƙananan yara da mai juna biyu. A fitar da yara daga wurin, a kwashe dattin da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya.

Baba Magini, Sabon Zongo:

'Yata, duk abin da Masta ya faɗa daidai ne, amma kada ki sayi ko galan ɗaya sai an san abin da ke damun bangon ƙarshen nan. Farin abin da kike gani gishiri ne da ruwa ke kwasowa daga cikin bulo da siminti. Ruwan yana fitowa fuskar bango ya bushe, gishirin ya zauna a ƙarƙashin fenti yana girma har ya ture shi. Fentin mai ya ƙara dagula lamarin saboda ya toshe wa bango numfashi, shi ya sa ya kumbura. Fenti mai haske kuwa ya fi kowanne saurin tona laima. Ki shafa ruwan madara a kan wannan bango yadda yake, damina ɗaya ta ishe shi.

Ga gwajin da za ki yi da kanki. Kankare fentin da ya kumbura a wuri ɗaya, ki yanko leda mai kauri marar huji kamar ƙafa 1 a kowane gefe, ki manna ta a bangon, ki rufe gefunan huɗu da tef yadda iska ba za ta shiga ba. Ki bar ta kwana 2. Idan kin ga raɓa a cikin ledar ta ɓangaren bango, ko simintin wurin ya yi duhu, ruwan daga cikin bango yake. Idan raɓar a waje take ta ɓangarenki, tururin gida ne ke sauka saboda rashin iska, wannan kuma mai sauƙi ne.

In daga ciki ne, hanya biyu ce. Ko dai daga makewayi yake ratsowa, ko daga ƙasa yake hawowa. Yadda za ki bambance: wanda ke hawowa daga ƙasa yana yin shata a kwance kamar bakin kogi, galibi bai cika wuce ƙafa 3 ba, kuma za ki gan shi a sauran bangayen gidan, ba wannan kaɗai ba. Gidajen da ke gangare kusa da rafin Aboabo da yawa suna fama da shi, musamman tsofaffi da aka gina ba a shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashin daɓe ba. Wanda ke zuwa daga makewayi kuwa a bango ɗaya yake tsayawa, ya fi tsanani daidai inda famfo ko bututu yake, ko inda ake watsa ruwan wanka, kuma ba ruwansa da rani ko damina. Tunda kin ce bangon ƙarshe kaɗai ne, na fi zargin makewayin. A duba haɗin bututu, a duba tsakanin tayil inda simintin ya zube, a duba kusurwar da daɓen makewayi ya haɗu da bango, a kuma zuba ruwa a ga ko yana gangarawa magudana ko kwanciya yake a gindin bangon.

Bayan an tare ruwan daga tushensa, sai a sassare yaɓen da ya lalace har a wuce shatar laima da ƙafa 1, a bar bulo a buɗe ya sha iska. Gishirin da ya fito a goge shi da busasshen burushi mai tauri. Kada a wanke shi da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki ya sake fitowa. Sabon yaɓe a kwaɓa siminti 1 da yashi 3, yashi mai tsabta marar laka, a zuba maganin hana ruwa daidai awon da kamfanin ya rubuta. A riƙa yayyafa masa ruwa kwanakin farko kada ya tsattsage. Daga nan sai haƙuri, sati 4 cur kafin fenti ya taɓa shi. Sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa, yana ƙone fenti ya sa launi ya yi dabbare-dabbare. Ko bayan sati huɗun, firaima mai jure kaifin siminti ake fara sawa.

Abu biyu da nake roƙonki kada ki yarda a yi. Kada a shafe wurin da POP, farin garin nan da ake yin silin da shi, don ya yi sumul, domin POP da laima ba sa zama wuri ɗaya, laushi zai yi ya zube. A yi amfani da foti na siminti. Kuma kada a ce a liƙa tayil a rufe laimar ba tare da an gyara tushenta ba. Gyaran gangar auzinawa ke nan, ruwan zai haura saman tayil ɗin ya fito a inda da babu shi.

Idan akwai baƙin funfuna a kusurwa, a haɗa Parazone, wato ruwan bilic na farar da kaya, kashi 1 da ruwa kashi 3, a shafa a bar shi minti 15, a ɗauraye. A buɗe ƙofa a kunna fanka saboda wurin ba iska, kuma kada a haɗa shi da maganin wanke masai ko wani sinadari, hayaƙin da ke tashi yana illa ga huhu.

Hajiya Mai Shagon Fenti, Adum:

'Yar'uwa, bari in yi miki lissafin abin da za ki saya. Ƙafa 23 mita 7 ke nan, ƙafa 9 kuma kusan mita 2.7. Bango biyu masu tsawo da na ƙarshe sun tashi murabba'in mita 41. A cire ƙofofi huɗu, saura kamar 33 zuwa 34. Silin kuma 7 da rabi. Fentin ruwa mai kyau lita 1 tana rufe kamar murabba'in mita 10 a shafi ɗaya a bango mai santsi, a sabon yaɓe mai shan ruwa kuma ba ta kai haka ba.

Idan kin bi tsarin Masta, ƙasan bangon har ƙafa 4 ya kai murabba'in mita 14, shafi biyu lita 3. Saman ya kai 20, shafi biyu lita 4. Silin lita 2 ta isa. Firaima ta bango lita 4, ta silin lita 1. Ƙofofi huɗu, fuskar da ke kallon lungu kaɗai da katakon gefensu, lita 2. Kin ga ke nan ba ki da buƙatar babban bokiti mai lita 18 ko 20 na kowane iri. Galan ɗaya na kowanne ya wadatar, sai dai ki duba jikin gwangwani, domin galan wani kamfani lita 4 ne, na wani lita 3.6. Na saman bango shi ne zai iya gazawa, tunda shuɗi ake son rufewa da launi mai haske, wani lokaci sai an yi shafi na uku. Ki ƙara lita 1 a kansa.

Inda na ɗan saɓa da Masta shi ne launi ɗaya har ƙasa. Jan ƙasar Kumasi ba ta da tausayi. Da damina takalma na shigo da ja, da hunturu ƙura na bin iska, mai mofa kuma kullum tana fantsama wa gindin bango ruwa. Ni a ganina a bar sikatin, wato layin da ke bin gindin bango, mai tsawon inci 4 zuwa 6 a ƙasa, na tayil ko na fenti ruwan ƙasa mai haske, wanda ja ba zai nuna a jikinsa ba. Wannan siririn layi ba zai rage haske ba, kuma zai taimaki tsohuwar da kika ambata. Mai raunin ido yana buƙatar ganin inda daɓe ya ƙare bango ya fara. Saboda ita ma, katakon gefen ƙofar ɗakinta da mariƙin ƙofar su bambanta da bango sosai. Idan komai ya zama launi ɗaya, wurin zai yi haske amma ita ba za ta gane ƙofa ba.

Kada ki zaɓi launi a shago ki biya a take. Hasken bakin titi a Adum ko Kejetia da tsakar rana ba shi ne hasken lungunki ba. Sayi ƙaramin gwangwani na launi biyu ko uku, ki shafa kowanne shafi biyu a kan kwali fari mai faɗin ƙafa 2, ki bari ya bushe sarai. Ki jingina su a bakin ƙofa, sannan a tsakiya, sannan a ƙurya, ki duba da safe, da la'asar, da dare bayan an kunna wuta. Kada ki shafa gwajin a kan shuɗin bangon, shuɗin zai yaudari idonki.

Ki fi son launin da aka haɗa da inji mai lamba, ko wanda ya zo a haɗe daga kamfani. Azar da Leyland da Coral duk suna da farare masu ɗan ruwan madara. Idan mai fenti ne zai ɗiga kala da hannu a cikin fari, to ya haɗa duka a bokiti ɗaya lokaci ɗaya, domin in ya ƙare a tsakiyar bango ba zai sake samun irinsa ba. Ki tsaya a wurin lokacin da zai sirka da ruwa. Abin da aka rubuta a gwangwani shi za a bi, yawanci bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. Wanda aka tsinka shi ya zama kamar koko zai yi saurin shafuwa, amma shuɗin zai riƙa leƙowa, kuma ranar da aka sa masa soso zai biyo hannu. Ki ajiye rabin lita na kowane launi a rufe da kyau, ki rubuta suna da lambarsa a murfi.

Mai Waya, Tafo Zongo:

Hajiya Maman Sadiya, ƙwai ɗaya a lungu mai ƙafa 23 ya yi kaɗan ko wane fenti aka shafa. Kuma ƙara masa ƙarfi ba shi ne magani ba, tsakiya za ta kashe ido, ƙarshe biyu su zauna a duhu. A raba shi uku: ɗaya ƙafa 4 daga ƙofar shiga, ɗaya a tsakiya, ɗaya ƙafa 4 daga bangon ƙarshe. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kamar lumen 800 (lumen shi ne awon haske), uku sun kai 2,400, ya ishi wurin har mai raunin ido ta ga ƙasa sosai. Gaba ɗaya wat 27 ne. Ko awa 12 suke yi a kunne kullum, a wata ba su kai yunit 10 ba a mita.

Ki duba lambar da ke ƙarewa da K a jikin kwalin ƙwan. Mafi yawan na kasuwa 6500K ne, farin haske mai shuɗi-shuɗi. Shi ne ke sa ruwan madara ya yi kamar ya yi datti, fari kuma ya yi sanyi. Mai 2700K ko 3000K ja-ja ne, zai tura ruwan madara ya koma rawaya. Ga launin da Masta ya zaɓa miki, 4000K ya fi dacewa. Duk ukun su zama iri ɗaya, kuma a sa su kafin ki yi gwajin kwalin da Hajiya ta faɗa, domin a ƙarƙashinsu za ki zauna da launin. A yi aikin waya kafin fenti, kada a dawo ana fasa sabon bango.

Fitilar da ke da farin murfi mai baza haske ta fi irin wadda ake binnewa cikin silin tana haska ƙasa kawai. Ke bango kike so haske ya buga, ba jan daɓe ba. A sa makunni biyu, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a ƙurya, kowanne na kunnawa da kashewa, don kada tsohuwa ta yi tafiya a duhu tana laluben bango. Ƙwan tsakiyar kuma ya zama irin mai batir a ciki wanda ke ci gaba da ci idan an ɗauke wuta.

Hasken rana kyauta ne, a nemo shi. Idan ɗakunan nan suna da tagogi, kafinta zai iya buɗe saman kowace ƙofa ya sa gilashi mai hazo ko luba, haske ya ratso daga ɗaki ba tare da an ga ciki ba, luba kuma har iska za ta ba wurin. Magini ya fara dubawa kada a taɓa lintal, wato kankaren da ke ɗauke da bango a saman ƙofa.

Maman Sadiya, Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Baba, na yi gwajin ledar. Bayan kwana 2 cikinta ya jiƙe ta ɓangaren bango, kuma sauran bangayen gidan lafiya lau suke. Mai gyaran famfo ya duba, ya ce haɗin bututun da ke cikin bangon ne ke ɗiga. Tambayata yanzu, tunda sai an jira sati 4, in dakatar da aikin gaba ɗaya ne ko a fara sauran? Sannan bangon ƙarshen, shi ma launi ɗaya da sauran? Wata ta ce mini in rataya babban madubi a wurin. Daɓen kuma fa?

Masta Fenta, Asawase:

Ba sai kin dakata ba, amma a bi tsari. A fara da duk aikin da ke tayar da ƙura: gyaran bututu, sassaka da sabon yaɓe, waya, buɗe saman ƙofofi in za a yi. Kafin a rufe bututun da siminti a buɗe ruwa a bar shi kwana ɗaya a tabbatar ɗigar ta tsaya. Cikin satuttukan jira sai a yi wanki da guga da firaima na silin da dogayen bangaye biyu, a yi wa silin fentinsa. Shafin ƙarshe na bango kuwa a bar shi sai na ƙurya ya shirya, a yi su rana ɗaya daga bokiti ɗaya. Kafin a taɓa sabon yaɓen a maimaita gwajin leda. Bangon da ya daɗe yana shan ruwa zai iya wuce sati 4 bai bushe ba, balle idan aikin ya faɗo tsakanin Afrilu da Yuli ko cikin ruwan Satumba da Oktoba. In ledar ta jiƙe, a ƙara jira.

Wajen shafawa, burushi mai inci 2 na kusurwoyi, rola mai inci 9 da gajeren gashi na fili. A fara daga ƙofar shiga inda haske yake a tafi ciki, a gama bango ɗaya ba tsayawa, domin inda aka tsaya ya bushe aka ɗora, shatar za ta fito a hasken da ke zuwa a kwance. Gwangwani zai ce awa 2 zuwa 4 tsakanin shafi da shafi, amma lungun da ba iska ya fi haka jinkiri, a kafa fanka a bakin ƙofa a ba shi yini. Tef ɗin takarda da aka raba sama da ƙasa da shi a cire tun fenti bai gama ƙanƙamewa ba. Kada a sa wa sabon fenti soso sai ya yi sati 3, ko da ya bushe a hannu.

Bangon ƙarshe shi ido ke fara gani daga ƙofa. Ki ba shi launin sauran, ko ki ɗan ƙara masa kauri, kamar ruwan zuma mai haske, ƙwai na uku yana haska shi. Launi mai ɗumi a can yana sa lungun ya yi kamar ya rage tsawo. Marar sheƙi za a sa masa daga sama har ƙasa a wannan karon, don sauran laimar da ke cikin bulo ta samu hanyar fita.

Madubi yana aiki ne idan akwai hasken da zai kama. A bangon ƙarshe yana fuskantar ƙofa, in ƙofar a buɗe take zai mayar da hasken waje, amma zai nuna wa na waje cikin gida, in kuma a rufe take babu hasken waje da zai kama. Ga bango mai laima yana ɓata bayan madubi ya yi baƙi-baƙi. Ya fi kyau a dogon bango kusa da ƙofar shiga, a ɗaure shi da sukurori sama da inda kafaɗar yara ke kaiwa.

Na yarda da Hajiya kan sikatin. Daɓen kuwa, in akwai hali a sa tayil mai haske marar santsi, ruwan yashi, ba fari ba kuma ba mai sheƙi ba saboda tsohuwa da ruwan alwala. In babu hali yanzu, doguwar ledar ɗaki mai haske ta isa, a manne gefunanta da bakinta na wajen ƙofa da gam kada ta naɗe ta harɗe ƙafa.